Sandunan Bahago

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Ya nauyin jiki? Ƙafar ta rage kumburi? Don Allah ki rage tsayuwa a wurin aikin nan, asibitin ba zai rushe ba don kin zauna.

Na san za ki yi mamakin ganin hoton takarda ya shigo miki a waya, alhali kullum muna magana. To, duk kiran da kike yi babanku yana ji. Shanyewar ɓarin jikin ta taɓa masa hannu da ƙafa na hagu, ba ta taɓa kunne ba. Shi ya sa kullum amsata ɗaya, da sauƙi. Yau na zauna a teburin kicin in gaya miki abin da baki ya kasa faɗa.

Babu sauƙi, Auta. Tun da aka sallamo shi ya shige ɗaki ya sa aka ja labule. Maganarsa ta dawo amma yana rowarta kamar saye yake yi. Kin san shi bahago ne, kin kuma san yadda yake ji da rubutun nan nasa mai kyau. Na miƙa masa biro ya gwada da dama, ya dube ni ya dubi biron, ya kawar da kai. Likitan gashin ƙashi ya ja ni baranda ya ce ƙafar tana da rai, amma in bai fara takawa a 'yan watannin nan ba za ta sandare, kuma keken guragun nan ya zama nasa ke nan har abada. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka kawo masa yana jingine a bango, tawul nake ratayawa a kai.

Abokansa na filin golf sun zo, ya ce a ce musu yana barci. Har Baba Akawu, amininsa da ba sa rabuwa, a falo ya sha shayinsa ya tafi. Sannan shekaranjiya ya yi mini magana mafi tsawo tun da ya kwanta. Ya ce in fitar da jakar sandunan golf ɗin nan daga gidan, in bai wa duk wanda na ga dama.

Kin san ni da wasan nan. Tun kafin a haife ki nake mita, ina cewa ban ga hikimar ƙatti masu furfura su wuni a rana suna bin abin da bai kai ƙwan kaza ba. Da a da ne ya ce in fitar da jakar, har da guɗa zan yi. Amma da na jawo ta daga sito sai na kasa guɗar. A tsakar gida ta kife mini, ƙwallaye suka tarwatse. Haushin komai ya taso mini a lokaci guda, na zaro sanda ɗaya na kai wa wata ƙwallo duka da iya ƙarfina. Ban same ta ba. Na sake, na kwashi ƙasa. Na sake, na kusa zama daɓas.

Ina ɗagowa sai na ga labulen tagarsa ya motsa. Ba iska ba ce, don tagar a rufe take.

Nan na tuna da halin babanku da ya ishe mu duka. Injiniya ba ya iya ganin ana yin abu ba daidai ba ya yi shiru. Mutumin da ke karɓe sifana daga hannun mai gyaran famfo, ya sauke hoton da na rataya ya sake ratayawa don ya karkace da ɗan yatsa. Duk duniya ya yafe ta, amma ashe bai iya yafe a wulaƙanta masa sanda ba. Saboda haka jakar ba ta zuwa ko'ina. Daga yau kullum da safe zan fito ƙarƙashin tagarsa in yi ta ɓarna har sai ya gaji ya tanka.

Ki yi dariyarki, ba zan ji haushi ba. Amma ki haɗa da addu'a, don ni dabarata ta ƙare sai wannan. Ki gaishe mini da maigidanki.

Taki har kullum,
Mamanki


Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya jikin, ya aiki? Na ji daɗi da kika ce sun rage miki tsayuwar. Na kuma ga saƙonki mai cike da fuskokin dariya. Ki ajiye sauran, don ba ki ji komai ba tukuna.

Bayan 'yan kwanaki labulen ya daina motsi, sai na ce ko ɓarnar tawa ce ta yi yawa har ta gundure shi. Na sa aka ɗora mini jakar a mota na tafi filin da kaina, wurin da ban taɓa takawa ba duk zamanmu. Auta, wuri ne shiru, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, ga itatuwa, ga 'yan tutoci can nesa. Mai koyarwarsu, wanda kowa ke kira Koci, dattijo ne siriri, ya san babanku sosai. Ya tambayi jikinsa har idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa koyo na zo. Bai yi mini kallon tsohuwa ta ruɗe ba, cewa ya yi in nuna masa yadda nake yi a gida.

Na gyara tsayuwa na ɗaga sanda. Sai na ga bawan Allah ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa ya ba ni haƙuri, ya ce ai waɗannan sandunan bahago ne. Ni da na yi rayuwata duka da bahago, na koyar da yara bahagwai a aji ba adadi, ban taɓa sanin sanda ma tana da hannu ba. Kan kowace sanda yana da fuska da ƙeya, fuskar ce ke dukan ƙwallo. Ni kuwa ina tsayawa irin ta mai hannun dama, ina ta jibgar ƙwallo da ƙeyar. Kin ji abin da babanku yake kallo ta taga ke nan. Har safar hannun da na tarar a aljihun jakar, duk na hannun dama, na yi ta masifa a raina cewa mutumin nan ya zubar da 'yan'uwansu. Ashe ɗaya ake sawa, bahago kuma a dama yake sa tasa.

Koci ya ara mini sanduna biyu na masu dama, ɗaya ta tashin ƙwallo sama, ɗaya mai shafaffen kai ta gangara ta zuwa rami. Ya ce in riƙe kamar na riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce kada kuma in murƙushe shi. Ya ce idona a kan ƙwallo, kada in ɗaga kai in ga inda za ta tafi tun ba ta tafi ba. Wannan ɗaga kan shi ne ciwon duk wani sabon shiga. Na huɗa ciyawar mutane kamar mai shirin shuka, tafin hannuna ya yi ruwa, ƙuguna ya riƙe. Can sai ɗaya ta zo daidai. Ban ma sa ƙarfi ba, na ji wani ɗan ƙara ƙwas, ƙwallon ta tashi ta yi ta tafiya a sama. Na saki baki ina kallo har ta sauka. Ba zan ɓoye miki ba, daɗin da na ji ya ba ni kunya. Na ce a raina, ashe wannan ne abin da mutumin nan ya rasa.

Koci ya ce in mayar da sandunan Injiniya sito in ci gaba da na aro. Na ce masa a fili dai na ji, amma a gida akwai aikin da na ƙeyar nan suke yi mini. Na ɓoye na aron a bayan tankin ruwa. Yanzu da yamma ina zuwa fili in koyi daidai, da safe in fito ƙarƙashin taga in yi ba daidai ba, har da ƙari. Na fasa tukunyar fulawarki, ki yafe mini. Kajin maƙwabta sun daina shigowa.

Ga albishir. Jiya labulen ya buɗe rabi, kuma da na ɗaga sanda na ji ana ƙwanƙwasa gilashi da cokalin shayi. Na yi kamar ban ji ba. Aka ƙara ƙwanƙwasawa da ƙarfi. Sai da na ciji leɓe don kada murna ta tona ni. Ina jin saura kaɗan.

Ki kula da kanki, ki ci abinci ko ba kya so. Gaisuwa ga maigidanki.

Mamanki


'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da kika ji, da kuma yadda nake katse miki waya da wuri. Ba lafiya ce ta kawo haka ba, na ɓata komai.

Ganin ya fara sakewa, sai na kira Baba Akawu na ce ya sake gwada zuwa. Wannan karon babanku ya yarda ya shigo ɗakin. Ina kicin ina haɗa shayi ina jin daɗi. Kin san Baba Akawu, zuciyarsa fara, bakinsa kuma ba marfi. Ina shigowa da faranti na tarar yana ba da labari da hannu da ƙafa, wai ya gan ni a fili tare da Koci, wai Malama ta iya, ƙwallonta tana tashi kamar ta wanda ya shekara yana yi, wai har sandunan dama aka ba ta. Ina yi masa ido, shi yana ƙara gishiri.

Babanku ya jira sai da baƙon ya tafi. Sannan ya dube ni da idon nan nasa ya ce, “Malama, ashe wasan yara kike yi mini. Na zama ɗan ajinki ke nan.” Ya ce in ja labule in fita. Washegari likitan gashin ƙashi ya zo, ya ƙi ko kallonsa. Mutumin ya tattara kayansa, ya ce mini a bakin ƙofa shi ba zai iya taka ƙafar wani ba, kuma lokaci yana tafiya.

Na yi kuka, Auta, a bayan tankin ruwa inda ba mai ji. Gaskiyarsa ce. Mutum ya rasa rabin jikinsa, abin da ya rage masa shi ne girmansa, ni kuma na zo ina yi masa dabarar da nake wa yaran da suka ƙi shan magani. Niyyata mai kyau ce, amma ta yi masa ciwo a inda ban duba ba.

Kin ce in bar maganar golf ɗin nan haka, in ba shi lokaci. Na gode, amma lokacin ne ba mu da shi. Ga abin da na yi. Na shiga ɗakin ban nemi izini ba, na tsaya a bayan kekensa na faɗa masa gaskiya duka. Na ce don shi na fara, na kuma yi masa ƙarya da jikina, ya yafe mini. Na ce amma yanzu abin ya shiga raina, ba zan fasa ba ko ya buɗe labule ko kada ya buɗe. Na tuna masa shi ya ce in bai wa wanda na ga dama sandunansa, to na ga dama na bai wa kaina. Tunda kuwa na bahago ne, da hagu zan koya, daga farko. Na jingine masa sandar aron nan mai shafaffen kai a jikin ƙarfen dogarawarsa, na ce ga ta masu dama nan, ni na gama da ita. Bai juyo ba, na fito.

Na gaya wa Koci. Ya ce zai yi wuya ƙwarai, duk abin da na koya zai zube. Na ce na sani. Ya juya ni ɗaya gefen ƙwallon, ya sa mini safar babanku a hannun dama, ta yi mini yawa.

Ban taɓa sanin jikina zai iya ƙin jin maganata haka ba. Kaina ya san abin da ake so, na ga ƙwallon, na san inda fuskar sanda za ta bi, amma hannun sai ya tafi harkarsa. Kamar an ɗaura mini hannun wani. Ina cikin wannan fama sai na tuna ranar da na miƙa masa biro ina cewa ai gwadawa kawai za ka yi. Na ajiye sandar na zauna a kan ciyawa, Koci ya ba ni wuri.

Ban san ko zai sauko ba. Ki sa mu a addu'a, ki kuma daina damun kanki, kina da wanda za ki yi tattali a jikinki.

Mamanki mai ƙaunarki


Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Na ji an ce haihuwa ta matso, Allah ya raba lafiya. Nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Tun waccan takarda kullum da safe ina tsakar gida da sandunansa. Ba don taga ba, don can ne kawai fili a gidan. Na kwantar da gwangwanin madara a gindin bango ya zama ramina. Na daina ko kallon labulen. Ɓarnar da nake yi yanzu ta gaske ce, har ta fi ta ƙaryar muni. Ƙwallon ta bi dama, ta bi hagu, ta shige ƙarƙashin mota, in durƙusa in zaƙulo ta da tsintsiya.

Ranar da abin ya faru na tashi da ciwon kafaɗa, ga haushi. Na buga na kuskure, na buga na kuskure, har na fara yi wa hannuna faɗa da ƙarfi kamar mai taɓin hankali. Sai na ji wani ƙara daga cikin gida, ƙiii, shiru, ƙiii, shiru, kamar ana jan tebur a siminti. Na ce babanku ya faɗo daga keke. Na yar da sanda zan ruga, sai na hango ƙafafun ƙarfen nan sun leƙo ƙofar baranda, tawul ɗina yana rataye a kai.

Auta, babanku ne a tsaye. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafar hagun yana jan ta, hannun yana lilo, sandar aron kuma ya saƙale ta a jikin ƙarfen. Daga ɗakinsa zuwa baranda ba nisa, amma ka ce daga wani gari ya taho. Na yunƙura zan tare shi ya harare ni, na tsaya cak. Sai da ya huta numfashinsa ya dawo, sannan ya ce, “Kina ɗaga kai.”

Abin da ya fito da shi ke nan. Ba sannu, ba ina kwana. Na ce ban ɗaga ba. Ya ce tun daga taga yake gani, na ɗaga, kuma ƙafafuna a haɗe suke kamar mai jiran layi. Ya ce waccan ɓarnar ta da, ko makaho ya san da gangan ce, don ba wanda zai yi ta dukan ƙwallo da ƙeya bai taɓa duba sandar ba. Ban gaya masa kwanakin farko da gaske nake yi ba, ke ma kada ki gaya masa. Ya ce amma wannan ta yanzu ba zai iya zama yana kallo ba, za ta ƙarasa shi. Na buɗe ƙafa, na kafe idona, na buga. Ba ta shiga ba, amma ta tafi miƙe.

Sai na ga yana ƙoƙarin zare sandar aron. Na matsa na riƙe masa ƙugu ta baya, wannan karon bai hana ni ba. Ya riƙe ta da dama, hannu ɗaya, ya daɗe yana auna gwangwanin. Ya buga. Ƙwallon ta wuce gefe ta je ta daki bango. Na ji tsoron kada ya jefar da sandar ya koma ciki. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Injiniya, ka ɗaga kai” ba.

Ya yi dariya, Auta. Da rabin baki, amma dariyarsa ce, wadda na cire rai da sake ji. Ni kuma na kifa fuskata a bayansa na jiƙa masa sauran rigar. Ya ce in daina, in ɗauko masa wata ƙwallon.

Likitan gashin ƙashi ya dawo, babanku da kansa ya ce a kira shi, har yana yi masa gyara a yadda yake naɗe bandeji. Tafiyar da sauranta, wata rana ƙafar ta yi nauyi ya wuni yana faɗa da kowa. Amma yana takawa. Koci ya ce ranar da ya shirya, akwai lallausar ciyawa kusa da inda ake ajiye motoci, ba sai ya yi nisa ba. Babanku ya ce zai je in na daina ba shi kunya.

Yanzu haka yana gefena a teburin kicin, ya sa na karanta masa abin da na rubuta, ban da wuri ɗaya da na tsallake. Ya ce akwai gyara. Na ce in yana da gyara ga biro. Zan tsaya nan, don ya miƙo hannu.

Mamanki

Auta, kada ki yarda da ita. Sai da ƙwallon ta taɓa bakin gwangwanin. Ki yi haƙuri da rubutun, ɗan koyo ne.

Babanki